Shawarar da Ya'u Ya Ƙi Ji

"Na ce maka shawara ce!"

"Ni kau na ce maki ban nemi shawarar kowa ba!"

"Ba waccan shawarar ba, Baban Nana. Shawara ta ciwo nake nufi. Ɗauki madubi ka dubi idonka. Wallahi kamar an fasa ƙwai a ciki."

"Ke har kin san ido? Mace da iyakarta bakin rijiya?"

"Na wuce rijiya. Har Batsari an kai ni awo. Can na ga mai irin wanga ido, kuma ba a tsaye na gan shi ba. A kwance yake ana mishi fifita."

"To ni ga ni tsaye."

"Tsaye kake, kana dafe da bango."

Ya fizge hannunsa daga bangon kamar ya taɓa wuta.

Ku dakata, jama'ar wannan shafi, kar ku ce na jefa ku cikin faɗan miji da mata babu ko sallama. Bari in koma da ku farko.

Akwai wani magidanci a Zakka, ta ƙasar Safana, ana ce masa Ya'u. Matarsa ita ce Zuwairatu, wadda kuka ji muryarta yanzu. Suna da 'ya ɗaya, Nana Hadiza.

Ya'u manomi ne, kuma mutum ne mai sanyi. Ko kaza za a yanka a gidan, sai ya leƙa maƙwabta ya nemo mai riƙe wuƙa, shi kuma ya juya baya yana gyaran takalmi. Gero da dawa yake nomawa. Abin alfaharinsa a duniya bijimai biyu ne na huɗa.

Wata damina, da hantsi, 'yan bindiga suka same shi a gona. Ba su harbe shi ba. Zuwairatu takan ce da ma abin da suka yi masa ya tsaya a duka. Sun kwantar da shi cikin kunya, suka yi ta nana masa gindin bindiga a haƙarƙari. Sannan suka sa shi tsallen kwaɗo daga wannan gefen gona zuwa wancan, a gaban 'yan ƙwadagon da ya ɗauko, suna dariya suna ce masa ya yi kukan kwaɗon ma.

Ya yi.

Da suka gaji, shi da kansa suka sa ya kwance bijiman ya miƙa musu. Igiyar kaɗai suka jefo masa.

Ya dawo gida da igiyar a hannu, ya rataye ta a zaure. Bayan an yi girbi ya shiga 'yan sa-kai.

Sai dai shiga sa-kai ba ya cire tsoro daga ƙirji. An ba shi adda, an ba shi bindiga ƙirar gida, amma da zarar ya ji ƙarar mashin daga nesa sai ya fara raba ido yana neman wurin ɓuya. Abokansa sun lura. Wani ɗan iska a cikinsu, in Ya'u ya wuce, sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ƙworrr."

Wannan "ƙworrr" ɗin ita ta kai shi kasuwar Runka, wurin Jinjiri.

Jinjiri wani ɗan tsurut ɗin tsoho ne mai murya siririya kamar ta sauro. Yana shimfiɗa buhu a bayan 'yan awaki, ya jera jarkoki. Kirarinsa guda ne, ba ya sauyawa:

"Ruwan maza! Ruwan maza! Sha ka ƙi ƙarhe! Wuƙa ta zama kara, harsashi shi zama ƙanƙara! Matsoraci shi matso, yau za ni sa uwatai ta yi alfahari!"

Abin da ke cikin jarkar ba ɓoyayye ba ne ga mai hanci. Saiwoyi ne da ɓawon itatuwa da Allah kaɗai Ya san sunayensu, da 'ya'yan zaƙami da aka daka. Kun dai san zaƙami, wannan ciyawa mai ƙwallo mai ƙaya da ke fitowa a juji, wadda ake ce wa haukata-yaro. Sannan Jinjiri yakan murƙushe wasu ƙwayoyi ya zuba, wai don ya ƙara masa gudu.

Ranar da Ya'u ya fara sha, Zuwairatu ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta fito da rana tsaka ta tarar da shi durƙushe gaban rumbu, ya cire hula.

"Ranka shi daɗe, an zo lahiya? Ya hanya? Ina ka baro su Hajiya?"

Ya saurara, ya gyaɗa kai, kamar rumbun ya amsa.

"To madalla. To madalla. A'a, wallahi mun ci abinci."

Dariyar ba ta daɗe ba. Ana haka wata rana ta ji kukan akuyarta a bayan ɗaki, irin kukan da ba na yunwa ba. Kafin ta ƙarasa ya riga ya turmushe ta. Mutumin da ba ya iya kallon yankan kaza, shi ne ya yi wa akuya gunduwa-gunduwa da adda, jini har gemunsa.

"Baban Nana! Mi ta yi maka?"

"Infoma ce." Yana haki. "Na ji ta da kunnena tana buga musu waya. Ta ce musu ina gida."

Nana Hadiza ta ƙanƙame zanen uwarta. Tun daga ranar yarinyar ba ta sake yarda ta zauna kusa da ubanta ba.

A waje kuwa, sai sunan Ya'u ya tashi. In an fita sintiri shi ne gaba. Ba ya jin kira, ba ya jin tsawa, ƙaya ba ta dame shi ba. An daina "ƙworrr". Shi kuwa kullum ya farka da kai kamar ana sara masa gatari, sai ya aika kemis a kawo masa maganin ciwon kai, ya watsa cikin tafin hannu ya haɗiye kamar gyaɗa, ya kora da ruwan maza.

Zuwairatu ce ta fara ganin abin da ke tafe, don ita ke zuba masa tuwo yana turewa. Ita ke wanke kayansa. Ta ga fitsarinsa ya koma kamar shayin da aka manta a wuta. Ta ga yana susa har jikinsa na fitar da jini. Ta ga hannayensa na ramewa, ciki kuwa na tasowa. Sai kuma idon ya rine, ya yi ruwan ɗorawa.

Ta san shawara. Kowace mace a karkara ta san shawara.

Da ta matsa masa, sai ya ce to, zai je ya tambaya. Ta yi murna, ta ɗauka asibiti zai nufa. Ashe Runka ya koma.

Jinjiri ya gwale masa ido da yatsa, ya leƙa, sai ya daka tsalle.

"Allahu akbar! Ya kama! Ya kama! Yaro, ka taɓa ganin damisa da farin ido?"

"Ban taɓa ganin damisa ba, Baba."

"To yau ka dubi madubi, ka gan ta. Wasu sai sun shekara suna sha ido bai juya ba. Kai jininka mai kyau ne."

"Cikin kuma fa? Mai ɗakina ta ce kumburi ne."

Jinjiri ya ƙwanƙwasa cikin da bayan yatsa, ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana.

"Kumburi? Tauri ne ke taruwa. Daga ciki yake farawa, sannan shi bi jiki. Ka ji yadda yake amsawa? Wanga ciki ko mashi aka soka mishi sai dai mashin shi lanƙwashe. Ka ƙara kofi guda da safe. Kuma ka daina tattauna sirrin maza da mata."

Daga ranar 'yan sa-kai suka raɗa masa Damisa. In sun taru sai su riƙa buga cikinsa kamar kalangu suna masa kirari, shi kuma yana washe baki.

To, wannan shi ne ya kawo mu faɗan da kuka tarar.

Da ya cire hannu daga bango, Ya'u ya ɗauki jarkarsa, ya kafa kai ya yi ta kwankwaɗa a gabanta, yana kallonta ta gefen ido don ta ji haushi. Ya goge baki.

"Idon damisa ne. In kin sake ce mini shawara, sai kin tahi gidanku da shawararki."

Ya ɗauki adda ya fice, yana tafe yana ware ƙafafu saboda nauyin cikin.

Zuwairatu ta tsaya tana kallon jarkar. Ba ta son zama bazawara, amma ta fi tsoron zama matar mamaci. Ta san in ta bar shi, wannan jarka ce za ta binne shi.

Sai ta yi dabara irin tata. Ta tuttular da ruwan maza a bayan gida. Ta samo ɓawon maɗaci ta dafa da tsamiya har ya yi baƙi, ta ɗanɗana, ɗaci ya murɗe mata baki, ta ce, "Yauwa, ɗan'uwansa ne." Ta cika jarkar ta mayar inda take.

Ya sha bai gane ba.

Kwanakin da suka biyo baya, Zuwairatu ta ga mijinta ya fara dawowa. Ya yi barci. Ya nemi kunu da bakinsa. Har ya kira Nana Hadiza ya tambaye ta wa ya yi mata kitso, yarinyar ta amsa daga bakin ƙofa. Zuwairatu ta ƙudurta a ranta, bari ya ƙara natsuwa kaɗan, sai ta lallaɓa shi su tafi Batsari.

Ba ta yi lissafi da tsoro ba.

Wata safiya suka fita sintiri wajen hanyar Tsaskiya. Wani mai mashin ya ɓullo daga kwana da buhunan gawayi. Ya'u na jin ƙarar, sai ga Damisa a cikin kwalbati, ya rufe kai da hannuwa. Can sai ɗan iskan nan ya leƙo ta bakin kwalbatin.

"Ƙworrr."

Zuwairatu na tankaɗe a gida ya shigo. Bai yi sallama ba. A hannunsa akwai igiyar bijiman nan da ta daɗe rataye a zaure, ya ninka ta biyu.

"Mi kika zuba mini?"

"Baban Nana, zauna in..."

"Mi kika zuba mini, 'yar infoma?"

"Maɗaci ne da tsamiya. Kuma ka ga ai ka samu barci, ka..."

Igiyar ta sauka a fuskarta. Ta sake sauka a wuya. Ta faɗi kan garin, ya bi ta da ƙafa, yana duka yana faɗin, "Kin sa an yi mini dariya! Kin sa an yi mini dariya!" Nana Hadiza na ihu. Sai da maƙwabta suka keta zana suka shigo, maza biyu suka riƙe shi. Da aka ɗaga Zuwairatu, leɓenta ya fashe, haƙorinta na gaba na cikin rariya.

Matan unguwa suka ce ta tattara ta tafi gidansu. Ta tofar da jini ta ce, "In na tahi, wa zai kai shi asibiti? Rumbu?"

Shi kuwa a ranar ya hau motar Runka. Jinjiri ya ji bayani, ya kama haɓa.

"Mace ta taɓa jarka? Ai shi ke nan, ya karye. Sai an sake sabon gini. Za ni haɗa maka na 'yan farauta, wanda ba a ba yara."

Ya dawo da jarka mai kaurin kunu.

Ya'u yana da ƙane guda, Rilwanu, ɗan acaba ne a Batsari. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma Ya'u ne ya sayar da gero ya haɗa masa mashin ɗin. Zuwairatu ta je bayan firamare inda ake samun sabis, ta kira shi.

"Matarmu!" in ji Rilwanu, da wasan da suka saba. "Yau an tuna da ƙaramin miji? Ko tuwon ya yi saura ne?"

"Rilwanu, bar wasa. Yayanka zai mutu."

Ya ji yadda maganarta ke fita ta gurbin haƙori.

"Shi ya yi maki haka?"

"Bar wannan. Idonsa ya rine, cikinsa ya kai nan. Ya ƙi asibiti. In ka zo kai kaɗai zai kore ka."

"Akwai Malam Tayyib, malamin asibiti ne, ni ke kai shi ƙauyuka rigakafi. Za ni roƙe shi mu zo tare. In Yaya ya ƙi zuwa wurin likita, likita shi zo wurinsa. In ta kama mu ɗaure shi, mu ɗaure shi."

Ta koma gida da sauƙi a ranta. Ta yi tunanin abin da za ta dafa wa baƙo. Ta yi tunanin inda za ta ɓoye addar. Abu ɗaya ne bai zo mata ba: ta ce musu su kashe mashin tun daga bakin gari su ƙaraso da ƙafa.

Ranar da za su zo aka tashi da yayyafi. Ya'u ya sha sabon haɗin tun da safe, cikinsa babu komai. Kafin azahar ya fita hayyacinsa. Yana zaune a zaure, jikinsa zafi kamar tanda, babu ɗigon gumi, baƙin idonsa ya buɗe ya kusa cinye ɗorawar. Yana ta tsintar wasu abubuwa a iska yana zubawa a aljihu. Addar kuwa ya zauna a kanta, Zuwairatu ta yi juyin duniya ta kasa zarewa.

Tana tsakar gida tana kwashe shanya ta ji ƙarar mashin.

A nan ne abin ya faɗo mata. Ta watsar da kayan ta ruga.

Ta makara. Ta bakin zaure ta hango abin da shi ma ya hango: mutum biyu a kan mashin, sun nufo ƙofar gida. Na gaba ya naɗe fuska da rawani saboda ruwa, idanu kaɗai a waje. Na baya ya rataya wani dogon abu baƙi a kafaɗa. Lema ce a naɗe. Ita ta ga lema. Allah kaɗai Ya san abin da Ya'u ya gani, da kuma ko mashin nawa ya ƙirga.

"Sun zo!" Ya yi wata ƙara da ba ta taɓa ji daga bakin ɗan Adam ba. "Sun zo! Yau ba ni yin kwaɗo!"

"Rilwanu ne! Baban Nana, Rilwanu ne!"

Ya bangaje ta, kanta ya bugi dogarin ƙofa. Ya yi tsalle ɗaya, mutumin da ɗazu ba ya iya miƙewa sai da bango.

Rilwanu ko tsayar da mashin bai gama ba. Ya ɗaga hannun dama yana ƙoƙarin janye rawanin.

"Yaya! Ni ne! Ya..."

Addar ta sauka a kan hannun, ƙasa da gwiwa kaɗan. Zuwairatu ta ji ƙarar ƙashin. Mashin ya kife, ya danne ƙafar Malam Tayyib, tayar baya na ta juyawa. Jini ya yi tsiri ya wanke tankin mai. Ya'u ya sake ɗagawa ya sara a kafaɗa. Rilwanu na birgima cikin taɓo yana kiran sunan uwarsu.

Gari kuwa ya ɗauka. Kalmar "sun zo" ba a faɗinta sau biyu a Zakka. Mata suka fito da goyo a hannu suna gudu, tsofaffi na rarrafe, wani ya tsallake katanga ya faɗa kan murhu. 'Yan sa-kai suka ɓullo ta lungu suna harbi sama. Ɗaya ya ɗora bakin bindiga a kan Malam Tayyib da ke ƙarƙashin mashin.

"Malamin asibiti ne! Kar ka harba! Don girman Allah malamin asibiti ne!"

Zuwairatu ce ke ihu. Ta waiga ta ga mijinta ya take ƙirjin ƙanensa, ya ɗaga adda da hannu biyu, ya saita wuya.

Taɓarya na jingine a zaure. Ba ta san lokacin da ta ɗauka ba. Ta maka masa a gadon baya da duk ƙarfin da take daka da shi.

Addar ta faɗi. Ya'u ya juyo ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai jini ya ɓalle. Ba kaɗan ba. Baƙi da ja, guda-guda, ya yi ta kwarara har ya durƙushe a cikinsa, ya kife.

Malam Tayyib, da ƙafarsa a targaɗe, shi ya ja jiki ya fizge ɗankwalin Zuwairatu ya ɗaure hannun Rilwanu tamau.

"Mota! Ku nemo mota! Ku daina kallo!"

A bayan a-kori-kura aka loda su, wa da ƙane, kafaɗa da kafaɗa. Zuwairatu na tsakiya, kan mijinta a cinyarta, hannunta ɗaya na riƙe da abin da ya rage na hannun Rilwanu don kar ya yi ta lilo. Hanya duk taɓo. Duk ramin da motar ta faɗa sai su yi nishi tare.

A Batsari aka tsayar wa Rilwanu da jini, aka wuce da su Katsina gaba ɗaya. Zuwairatu na tsaye aka zo sa wa Ya'u ruwa. Ta zuba ido ta ga allura, 'yar siririya, ta shige fatar Damisa sumul, ko gardama babu.

Likita ya kira ta gefe. Ta riga ta taho da jarkar, ta miƙa masa. Ya buɗe, ya sansana, ya kawar da kai.

"Tun yaushe yake shan wannan?"

"Tun bayan girbi."

"Da me kuma?"

"Da maganin ciwon kai. Cikin hannu."

Likitan ya sauke numfashi. "Baiwar Allah, hantarsa ta gama lalacewa. Duk abin da mutum ya haɗiya, hanta ce ke tace shi. An yi ta ɗora mata guba har ta gaji. Ruwan da ya cika cikinsa da jinin da ya yi amai, duk daga nan ne. Lokacin da idonsa ya fara canja launi, me ya hana ku zuwa?"

Ta buɗe baki, ta rasa ta inda za ta fara. Ta ce masa damisa? Ta ce masa tauri? Sai kawai ta ce, "An ce mishi alama ce mai kyau."

Hannun Rilwanu bai tsira ba. Aka yanke shi daga gwiwa.

Ya'u ya farfaɗo sau ɗaya, da la'asar, hankalinsa garau kamar ba shi ba. Ya dubi silin, ya dubi robar ruwa, ya dubi bakin matarsa.

"Wa ya cire maki haƙori?"

"Kai."

Can ya ce, "Ba ni son wurin nan. Kira Rilwanu shi zo da mashin shi kai ni gida."

Da wata matar ce, da ta ce masa to, an kira shi, yana hanya. Zuwairatu ta gaji da ƙaryar da ake yi wa mutumin nan.

"Rilwanu na ɗaki na gaba. Ba shi ƙara tuƙa mashin. Kai ka sare mishi hannu, Baban Nana. Ya zo kai ka asibiti."

Ya daɗe yana kallonta. Hawaye suka gangaro daga idanun nan masu ruwan ɗorawa. Ya juya fuska bango. Bai sake cewa komai ba, har ya cika kafin Juma'a.

Aka kawo shi Zakka aka binne. Ana zaman makoki a ƙofar gida, Rilwanu na jingine da bango, an sallamo shi da guntun hannu a naɗe, mutane na yi masa gaisuwa biyu a haɗe. Zuwairatu na ciki cikin mata, ta fara takaba.

Sai ta ji wata murya siririya daga waje.

"Salamu alaikum. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah Shi jiƙan Damisa. Namiji ne, wallahi namiji ne."

Ta miƙe. Mata suka riƙe ta, ta fizge. Ba ta fita ba, ta tsaya a bayan ƙofar zaure, ta wurgo jarkar. Ta faɗi a tsakiyar tabarma gaban Jinjiri, murfin ya fice, baƙin ruwan ya malale har ƙafar liman.

"Ga kayanka, tsohon banza! Ka ce ido ya rine alama ce. Ka ce ciki ya kumbura tauri ne. Ka kashe mini miji, ka guntule yaron mutane, sannan ka zo cin shinkafar sadaka?"

Samari suka zabura. Ɗan iskan nan mai "ƙworrr" shi ya fara shaƙo wuyan rigar tsohon ya ɗaga shi sama, ƙafafunsa na reto. Wani ya kwaɗa masa mari, hula ta yi gefe. Wani ya zaro wuƙa yana cewa bari a gwada maganin a jikin mai shi. Da ƙyar liman da dattawa suka shiga tsakani.

"Ku sake shi," in ji Rilwanu, muryarsa can ƙasa. "Ku sake shi shi ba ni amsa. Baba, ka ce in ya sha ba abin da zai same shi. Ga shi can cikin ƙasa. Mi za ka ce?"

Jinjiri ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe, ya ɗora. Ya gyara wuyan riga. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka zalunta.

"Ina waɗanda suka yi mishi wanka? Ku faɗi tsakaninku da Allah. Kun ga sara a jikinsa? Kun ga harbi?"

Bai jira amsa ba.

"To! Ni ƙarhe na ce ba shi cinsa. Magani lahiyarsa lau, ya yi aikinsa. Mai shan ne dai ya mutu."

Darasi: Duk abin da zai sa ka gaida rumbu, ka sari ɗan'uwanka, ba maganin tsoro ba ne, guba ce. Zaƙami da haɗe-haɗen kasuwa da ƙwayoyin da ake watsawa baki babu ƙa'ida suna gusar da hankali a fili, suna cin hanta a ɓoye. In ka ga idon wani ya rine, ko cikinsa na kumbura, ko fitsarinsa ya yi duhu, kar ka tsaya jin fassarar mai jarka, ku nufi asibiti tun yana iya takawa da ƙafarsa. Ku kuma masu yi wa mutum dariya don ya ji tsoro, ku sani da hannunku a ciki. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, musamman samarinmu masu tsaron gari, ko Allah Ya sa wani ya ajiye jarkarsa yau.